Me Ya Sa Magidanta Ba Sa Zuwa Asibiti Sai Ciwo Ya Kayar Da Su?

Duk wanda ya leƙa ɗakin shan magani a Boko, ko a sauran garuruwan ƙananan hukumomin Kusada da Kankiya, ranar awo ko ta rigakafi, zai tarar da benci cike da mata da goyo. Maza kuwa 'yan rakiya ne, suna can gindin bishiya kusa da baburansu. Ba don ba sa ciwo ba ne. Magidanci kan fara da daurewa, ya koma jiƙe-jiƙe da maganin basir ko na shawara, daga nan ya tsaya kemis a haɗa masa ƙwayoyi, sai ranar da ya kasa tashi a ɗauko shi ranga-ranga zuwa Babban Asibitin Kankiya, wani lokaci a wuce da shi Katsina ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. An saba ɗora laifin a kan taurin kai da nuna jarumta. Amma idan aka duba da kyau, jinkirin nan lissafi ne, kuma tsarin kiwon lafiyarmu ne ya sa lissafin ke fitowa haka.

A fara da kuɗi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fita kai tsaye, kuma binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na 2018 ya nuna cewa kusan mutum 3 ne kawai cikin 100 ke da inshorar lafiya. Wata dokar ƙasa ta 2022 ta wajabta inshorar, jihar Katsina ma tana da hukumar inshorar lafiya mai suna KATCHMA, sai dai irin wannan tsari ya fi saurin kama ma'aikacin da ake cire masa daga albashi. Manomi da ɗan acaɓa da mai sana'ar hannu sau biyu suke biya: kuɗin mota da kati da gwaji da magani, sannan asarar yinin da ba su nemo cefane ba. Da damina, yini ɗaya a layin ganin likita na iya zama ranar noman da ba ta dawowa. Da rani kuma da yawa sun tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas, inda ba wanda zai tsaya musu. Mai kemis kuwa yana bakin hanya, yana buɗe har dare, yana sayar da ƙwaya biyu daidai kuɗin mutum, yakan ma ba da bashi.

Sannan asibitin kansa bai san da zaman lafiyayyen namiji ba. Awon ciki, haihuwa, allurar rigakafi, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 a damina, duk ƙofofi ne da ke shigo da mace da yaro tun kafin ciwo ya yi tsanani. A wurin awo ake auna jinin mace ko ba ta nema ba. Namiji ba shi da irin wannan ƙofa, har yakan kai shekara 50 ba a taɓa ɗaura masa na'urar awon jini ba. Hawan jini da ciwon suga kuwa ba sa sallama. Sau da yawa labarinsu na farko shi ne shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda. Tarin fuka ma haka: alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna maza manya sun fi rabin masu kamuwa da shi, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu cutar. Maganin kyauta ne, na wata 6, amma wanda ya yi watanni yana shan maganin tari na kwalba ya riga ya shafa wa iyalinsa kafin a gano.

Wani zai ce ai al'ada ce da tawakkali. Al'ada na da nata kaso, musamman a ciwon da ya shafi mafitsara ko al'aura, wanda dattijo ke jin nauyin bayyana wa ma'aikaciyar da ta yi sa'ar 'yarsa. Amma mutumin da ake cewa yana ƙin magani shi ne ke kashe kuɗi wurin mai gargajiya da kemis tun ranar farko. Neman magani yake yi, inda ya fi sauƙi da sirri. Malamai kuma sun daɗe suna karantar da cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Wani kuma zai ce, a yankin da mata ke mutuwa wurin haihuwa, ina hujjar karkata ga maza? Tambayar na da nauyi, amma ba gasa ake yi ba. A mafi yawan gidaje maigida ne ke ba da izini da kuɗin zuwa asibiti. Wanda yake ganin wurin baƙo ne gare shi, shi ne zai yi jinkiri daren da matarsa ke doguwar naƙuda. Ranar da ya kwanta kuwa, dabbobi ake fara sayarwa, sai a jinginar da gona, sai a cire yara daga makaranta.

Tunda lissafi ne ya kawo jinkirin, lissafin za a sauya, ba wa'azi kaɗai ba. Awon hawan jini ba ya cin minti biyar, kuma ana iya yin sa a kasuwa, a tasha, ko a harabar masallaci bayan Juma'a. Kankiya na da makarantar koyon fasahar kiwon lafiya, ɗalibanta na iya wannan aiki ƙarƙashin kulawar malamansu. Masu kemis, da yake su ne ƙofar farko, a koya musu tura duk wanda tarinsa ya kai mako 2 zuwa gwaji. A ware wa maza wani yammaci a asibitocin mazaɓu, a kuma ba manomi damar biyan inshora sau ɗaya da kaka, lokacin da yake da kuɗi a hannu.