Kwana nawa rahotonka yake yi kafin manhaja ta share shi?

A ranar 12 ga Oktoba 2001, wata lauyar kamfanin binciken kuɗi na Arthur Andersen ta aika saƙon imel zuwa ofishinsu na Houston, a Amurka, tana tunatar da ma'aikata ƙa'idar kamfanin game da ajiye takardu da zubar da su. Tunatarwar ta zo daidai lokacin da asirin Enron, babban abokin cinikinsu, ya fara tonuwa. Cikin 'yan makonni aka yayyaga takardu jibgi guda, aka goge saƙonni, ba a tsaya ba sai farkon Nuwamba da sammacin SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari ta Amurka, ya iso. A Yunin 2002 aka sami kamfanin da laifin yi wa shari'a zagon ƙasa. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 2005, amma ihu ne bayan hari, don kamfanin mai ma'aikata kusan 85,000 a duniya ya riga ya watse.

Abin lura, zubar da tsohuwar takarda ba laifi ba ne. Kowane kamfani yana yi. Abin da ya kashe Andersen shi ne tuna ƙa'idar a ranar da bincike ya ƙwanƙwasa ƙofa. Daga wannan badaƙala aka haifi dokar Sarbanes-Oxley ta 2002, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 20 ga wanda ya lalata bayanai don kauce wa bincike, masu binciken kuɗi kuma aka wajabta musu ajiye takardun aikinsu shekara 7.

Yau ba injin yayyaga takarda ke wannan aiki ba. Manhajar kamfani ce ke yi, cikin dare, ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Manyan manhajoji irin su SAP da Oracle suna fitar da rahotanni dubbai: na albashi, na kayan sito, na bashin da ake bi, na haraji. Don kada rumbu ya cika, akwai aikin shara da ke gudana da kansa. A SAP, rahoton da ke jiran bugawa kwana 8 yake yi a bisa tsarin da manhajar ke zuwa da shi, sai in an canza. Ma'aikata da yawa ba su san da wannan ba, suna ɗaukar wurin kamar kabad.

Sai ka ji an ce, to mene ne, ai a sake fitar da rahoton. A nan ne gizo ke saƙar. Na taɓa zama kusa da wani akanta a wani kamfanin rarraba kaya, odita yana tsaye a kansa yana neman rahoton bashi na ƙarshen Disamba. Ya sake fitarwa a Maris, lambobi suka ƙi haɗuwa da waɗanda aka kai wa shugabanni. Babu wanda ya saci ko kwabo. Rasit ne guda biyu da suka makara aka shigar da su da kwanan watan baya, wani dillali kuma aka mayar da shi wani rukuni. Rahoto hoto ne na rana guda, bayanan da ke ƙarƙashinsa kuwa kullum motsi suke yi. Shi ya sa rahoton da aka yanke shawara a kansa, ko aka miƙa wa hukuma, dole a daskarar da shi yadda yake, a ajiye inda ba a iya gyara shi, tare da sunan wanda ya fitar da shi da ranar da ya yi.

Wasu kuma, don tsoron abin da ya sami Andersen, sun koma ajiye komai har abada. Wannan ma tarko ne. A 2019 hukumar kare bayanai ta Berlin ta ci kamfanin gidajen haya na Deutsche Wohnen tarar Yuro miliyan 14.5, saboda rumbunsa na ɗauke da takardun albashi da bayanan banki na 'yan haya na shekaru, kuma an gina shi ba tare da hanyar gogewa ba. Kamfanin ya garzaya kotu, aka daɗe ana tafka shari'a, amma saƙon ya isa kunnen kowa a Turai: a ƙarƙashin GDPR, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, riƙe bayanan mutum bayan buƙatarsu ta wuce laifi ne.

A Najeriya ma igiyar biyu ce. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta ce a ajiye bayanan lissafi shekara 6, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta hana riƙe bayanan mutane fiye da yadda ake buƙata.

A ganina, kuskuren da ya fi yawa shi ne barin wannan hukunci a hannun ma'aikacin kwamfuta shi kaɗai. Shi damuwarsa rumbu ne da saurin na'ura, ba shi zai amsa tambayar alƙali ba. Akanta da lauya ne ya kamata su zauna da shi tun lafiya lau, su raba rahotanni gida-gida, su sa wa kowane rukuni wa'adinsa, su kuma fayyace daga yaushe ake fara ƙirga, daga ranar fitarwa ko daga rufe shekarar kuɗi. Sannan a tanadi makulli: da zarar an ji ƙishin-ƙishin ƙara ko bincike, a dakatar da shara a kan duk abin da ya shafi maganar. Kada kuma a manta da kwafin ajiya na ko-ta-kwana, inda abin da aka goge jiya yakan ci gaba da kwanciya shekaru.

Idan kana shugabantar kamfani ko sashen kuɗi, gobe da safe ka kira mai kula da manhajarku, ka tambaye shi kwana nawa rahoton ƙarshen wata yake yi kafin a share shi, kuma wa ya zaɓi wannan adadi.