WAYAR SENSAR HAYAƘI: ABIN DA ZA A BINCIKA KAFIN A BIYA KUƊIN GYARA

An shirya wannan takarda domin Hakimai da magatakardansu, waɗanda kula da motar ofis da lissafin kuɗin fetur ya rataya a wuyansu. Direba ya kan kawo kuka cewa mota ta fara shan mai fiye da kima, tana fid da baƙin hayaƙi, kuma fitila mai siffar inji ta kama a gabansa. In an kai gareji sai a ce sensa ta mutu, a kawo kuɗin sabuwa. Alhali kuwa sau da dama sensar lafiyarta lau, wayarta ce ta yi rauni.

Aikin Sensa

Injin fetur yana bukatar iska da mai bisa gwargwado, watau kimanin awo 14.7 na iska ga awo 1 na fetur, bisa nauyi. Sensa wani ɗan ƙarfe ne mai kama da fulogi, ɗaure a jikin bututun hayaƙi. Tana auna iskar oksijin da ta rage cikin hayaƙi, ta aika wa kwamfutar mota da labari. Kamfanin Bosch na Jamus ya ƙago ta, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976.

Irin wadda aka fi sani tana aika saƙonta da lantarki ɗan kaɗan, tsakanin bolt 0.1 da 0.9. In ya yi ƙasa, mai ya kasa, sai kwamfuta ta ƙara. In ya yi sama, mai ya yi yawa, sai ta rage. To, in wayar ta goge ta taɓa ƙarfen mota, saƙo sai ya faɗi, kwamfuta ta zaci mai ya kasa, ta yi ta ƙari. In kuwa tsinkewa ta yi, kwamfuta sai ta koma aiki da ƙiyasi. In an bar abin ya daɗe, ɗanyen mai ya kan ƙone tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, kuɗinta kuwa ya ninka na sensa.

Yawancin sensoshi waya huɗu gare su: ɗaya ta saƙo, ɗaya abokiyarta da ke rufe da'ira, biyu kuma na hita, domin sensa ba ta aiki sai zafinta ya kai wajen digiri 300. A ƙirar Bosch ta saƙo baƙa ce, abokiyarta ruwan toka, na hita farare. Waɗansu kamfanoni launinsu dabam ne, saboda haka a dubi littafin motar.

Abin da ke Ɓata Waya

Wayar tana bin ƙarƙashin mota kusa da salansa. In maƙalinta ya karye sai ta kwanta bisa ƙarfe mai zafi, robarta ta narke. Kututture da duwatsun hanyar ƙauye su kan fizge ta. Da damina ruwa da taɓo su kan shiga soket su kawo tsatsa. Ɓeraye kuma su kan gwigwiye ta, musamman in ana ajiye mota kusa da rumbu ko ɗakin hatsi.

Yadda a ke Bincike

1. A sa na'urar karanta laifin mota. Motocin da aka yi domin Amurka tun daga 1996, da na fetur na Turai tun daga 2001, suna da soket ɗinta kusa da sitiyari. Lamba P0130 zuwa P0135 duk na sensa ta farko ne, P0135 kuwa ta hitarta ce. A lura, lambar tana nuna layin da laifi ya ke ne, ba ta ce lalle sensa ta mutu ba.

2. A kashe mota, a bar salansa ta huce, sa'an nan a bi wayar da ido da hannu, ana neman ƙuna, ko yanka, ko tsatsa a bakin soket.

3. A duba fiyus na hita. In an sa sabo ya ƙone nan take, akwai inda waya ke taɓa ƙarfe. Kada a yarda a ɗaura masa waya ko a sa wanda ya fi shi ƙarfi, domin haka ke jawo gobara.

4. Mai gyaran waya ya auna da mita, ya ga ko bolt 12 na batir na isa hita, kuma ko kowace waya na kai saƙo har kwamfuta. Ya riƙa girgiza ta yana awo, gama wata ta kan tsinke daga ciki, robarta kuwa lafiya lau.

Yadda a ke Gyara

Soket ya raba wayar kashi biyu, kowane da hukuncinsa. Kashin da ya nufi kwamfuta yana gyaruwa. A cire kan batir, a yanke wurin da ya lalace, a sa waya mai kauri ɗaya da ta asali, a haɗa da maƙalin ƙarfe da a ke matsewa, a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, a ɗaure nesa da salansa.

Kashin da ke jikin sensa shi ne abin hattara. Sensoshi da yawa suna shaƙar iskar waje ta tsakanin silin wayarsu, da ita su ke gwada hayaƙi. In an liƙe da dalma, ko an cusa giris, hanyar iska ta toshe, awo ya ɓaci. Don haka in raunin a nan ya ke, sai a sake sensar ɗungum. Murɗe waya da hannu a naɗe da salatif ba gyara ba ne, zafi da girgiza za su kwance shi.

Abin da ke kan Magatakarda

Kada a sa hannu a takardar biya sai makanike ya faɗi lambar da na'ura ta nuna, ya kuma nuna wurin raunin. In an sake sensa, a karɓi tsohuwar a ajiye. Bayan gyara a share lambar, a rubuta litar da aka sha da kilomitan da aka yi har mako biyu, a gwada da na watan baya. Wannan lissafi shi zai nuna wa Hakimi ko an yi gyaran gaskiya.