Bindigar gado: tsufanta ba ya wanke mai ita a gaban doka

A yankin Gwarzo da Kabo, kamar sauran ƙasar Kano, akan adana bindigar kakanni a matsayin kayan tarihi. Sai dai Dokar Makamai ta 1959 ba shekarun bindiga take dubawa ba, nau'inta take dubawa.

Bindigar soja mai harsashi .303, irin wadda sojojin Najeriya suka riƙe a yaƙin Bama, tana cikin haramtattun makamai. Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da lasisinta, kuma riƙe ta babu izini kan jawo ɗaurin aƙalla shekara 10. Bindigar toka kuwa, kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da izininta.

Lasisi ba ya bin gado. Magaji sai dai ya nemi nasa, ko ya miƙa bindigar ga hukuma.