Taron Sulhu A Maiduguri: Cika Zaure Daban, Buɗe Zuciya Daban

Ran Lahadi 29 ga watan Agusta na 1921... a'a, ba tarihin zamanin Turawa za mu tono ba, maganar ta jiya-jiya ce. A ran 29 ga Agusta, 2021, Gwamnan Jihar Barno, Farfesa Babagana Umara Zulum, ya tara manyan jihar a Gidan Gwamnati da ke Maiduguri, domin a yi shawara a kan wata matsala wadda ba a taɓa ganin irinta ba. Bayan mutuwar Abubakar Shekau a dajin Sambisa cikin watan Mayu na wannan shekara, dubban mayaƙan Boko Haram da iyalansu suka riƙa fitowa suna miƙa wuya ga soja. To, yaya za a yi da su? A tsare su duka, ko kuwa a mai da su cikin jama'ar da suka yi wa ɓarna?

Sarakuna da malamai da 'yan majalisa da shugabannin mata da na samari sun halarta, aka tashi a kan cewa za a karɓe su bisa sharuɗɗa, watau a bincike kowannensu sosai, a karɓe makamansu, a yi musu gyaran hali, kuma a taimaki waɗanda rikicin ya shafa, musamman mata da yara. Wannan shawara ta manya ce, kuma ta buɗe hanya. Amma wanda zai zauna ƙofa da ƙofa da tubabben, ya haɗu da shi a bakin famfo ko a sahun salla, shi ne talakan Bama da Gwoza da Konduga da Dikwa. Shi kuwa ba a jin abin da ke ransa sai a ƙananan tarurruka na unguwa. A nan ne aikin mai jagorancin taro yake da nauyi ƙwarai.

Dalilin nauyin a fili yake. Tun daga tarzomar watan Yuli na 2009 a Maiduguri, jama'ar Barno ba su huta ba. Rahoton da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rayuka kusan 350,000 sun salwanta a Arewa maso Gabas, mafi yawansu ta hanyar yunwa da cuta da rikicin ya jawo. Saboda haka duk zauren da aka tara mutum talatin, da wuya a rasa wanda aka kashe wa uba, ko wadda aka raba da miji. Idan irin waɗannan suka zauna shiru har aka shafa fatiha, kada mai taro ya ce sun yarda. Shiru ma magana ce.

Shawara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Barno. Tun zamanin dā Shehu yana da majalisarsa, kuma sarauta ta sauko daki-daki daga hakimi zuwa lawani zuwa bulama, wanda ya san kowane gida a unguwarsa. Addini ma ya yi umurni da ita, har akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan shawara. Sai dai ladabin da ke riƙe da wannan tsari yana iya zama takunkumi. Da zarar babba ya faɗi ra'ayinsa a farkon zama, yaro ba zai musa ba, mace ba za ta ɗaga murya ba, sauran jama'a sai su koma 'yan amshin Shata. Don haka mai jagora mai hikima yakan roƙi dattawa su buɗe da addu'a, sa'an nan su jinkirta nasu bayani zuwa ƙarshe. Girmansu bai ragu ba, alhali kuwa an ji ta bakin kowa kafin a rufe ƙofa.

Abu na biyu shi ne harshe. Maiduguri ta tara Barebari da Larabawan Shuwa da Babur da Margi da mutanen duwatsun Gwoza. Hausa ta haɗa su a kasuwa, amma tsohuwar da ta zo daga Marte ko Kukawa ba za ta iya faɗin baƙin cikinta da harshen ciniki ba. Wajibi ne a nemo tafinta amintacce, wanda ba zai rage zafin magana don ya faranta wa manyan baƙi ba. Taron da aka yi da Turanci domin a burge wanda ya ba da kuɗi, na mai kuɗin ne.

Na uku, mata. Akwai abin da ya same su wanda ba ya faɗuwa a gaban surukai. Hajiya Hamsatu Allamin, wadda ta daɗe tana aikin sulhu a Maiduguri, ta yi suna wajen tara matan da rikicin ya shafa, har da waɗanda mazansu suka ɓace, su zauna su kaɗai su faɗi damuwarsu, daga baya su fito da murya ɗaya. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In an fara da zaman mata daban, da na samari daban, kowane rukuni ya zaɓi mai magana da yawunsa, to babban zama zai yi armashi.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ake rainawa. Idan aka jera manya a kan kujeru bayan teburi, talakawa a ƙasa cikin rana, an gama taro tun ba a fara ba. Tabarma ɗaya da zama a kewaye sun fi. A guji ranar kasuwa da lokacin shuka. A ajiye na'urar ɗaukar hoto, domin wanda ke tsoron a gane shi ba zai yi magana ba. Batun kuɗin mota kuwa sai an yi hattara: mai ƙaramin ƙarfi ya cancanci a biya masa wahalarsa, amma in ambulan ya zama shi ne maƙasudi, fuskoki ɗaya za a riƙa gani a kowane taro, suna faɗin abin da suka san ana so a ji.

Mafi girma duka, kada a tilasta wa kowa yafiya. Ƙasar Ruwanda ta kafa kotunan gargajiya da ake kira Gacaca bayan kisan ƙare-dangi na 1994, suka yi aiki daga 2002 zuwa 2012, suka saurari ƙararraki kusan miliyan 2. Sun yi amfani, amma masu nazari sun lura cewa da halarta ta zama dole, mutane da yawa sukan zo su zauna kurum. Mutumin da ya ce shi bai shirya ba tukuna, ya ba taro gaskiya, kuma ya fi wanda ya ce ya yafe da baki, zuciyarsa na tafasa.

Daga ƙarshe, a koma wa jama'a da labari. Tun da Gwamnatin Jiha ta soma rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin Maiduguri a 2021, da kuma bayan ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumba na 2024, an sha tara mutane ana rubuta kukansu. Duk wanda ya kira zama, haƙƙi ne a kansa ya dawo ya ce ga abin da aka yi, ga wanda ya gagara, ga kuma dalili. In bai dawo ba, gobe zai kira, za a zo, amma ba za a ce masa kome ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen Barno sun san abin da zai zaunar da su lafiya, in an ba su fili da lokaci. Allah ya ba shugabanni kunnen saurare, ya mai da zaman lafiya ƙasar Shehu, amin.