Gini Ba Ɓarna: Abin da Icirnawa Za Ta Iya Ɗauka Daga Masu Ƙera Mota

Wanda ya zaga Icirnawa da ƙauyukan da ke kewaye da Matameye da Kance ba zai rasa ganin irin wannan gini ba: bulo ya kai linta ya tsaya, rodi ya miƙe sama yana tsatsa, tulin yashi a ƙofa iska da awaki sun watsa rabinsa. In ka tambayi mai shi, amsar ɗaya ce: "Kuɗi ne suka yanke." Gaskiya ya faɗa, amma ba duka ba. Wani kaso na kuɗin bai taɓa shiga bango ba. A jira da gyara da lalacewar kaya ya zube.

Wannan ita ce matsalar da kamfanin Toyota na Japan ya tunkara bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da ba shi da jarin tara kaya. Injiniyansa Taiichi Ohno ya lissafa ɓarna iri 7, ciki har da jira, da jibge kayan da ba a kai ga buƙatarsu ba, da dakon da ba dole ba, da aikin da sai an sake shi. A 1992 Lauri Koskela, masani ɗan ƙasar Finlan, ya nuna cewa gini ma haka yake: abin lura ba aikin kowane mutum shi kaɗai ba ne, yadda aiki ke gudana daga hannu zuwa hannu ne. Glenn Ballard da Greg Howell suka kafa cibiyar wannan tsari na gini ba ɓarna a Amurka a 1997, suka kuma yaɗa dabarar da ta ce masu aiki da hannu ne za su yanke abin da za a yi a kowane mako, ba wanda ke zaune a ofis ba.

Me ya haɗa wannan da Icirnawa? Gini ne ya sauya. Ginin ƙasa na iyayenmu bai san ɓarna sosai ba. Ƙasa tana bayan gari, ana buga tubali da kaka ta wuce, abin da ya saura ya koma inda ya fito. Yanzu kowa siminti da kwano yake hange, kuma yana da hujja. Giginyar da ake fasa azara ta yi ƙaranci. Damina ta yi zafi: ambaliyar 2024 ta rusa gidaje masu yawa, har tsohon masallacin Birnin Damagaram ya faɗi a watan Satumba. Gobarar azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi a 2021, wadda kowacce ta ci ran yara 20 ko fiye, ta sa ba mai son ɗansa ya yi karatu ƙarƙashin kara, ga shi a lokacin gwamnati ta ƙiyasta irin waɗannan azuzuwa sun kai kimanin 36,000. Sai kuma daraja, wadda ba a faɗi amma tana nan.

Sai dai siminti ba ya yafe kuskure irin yadda ƙasa ke yafewa. Ɗan ci-rani yana aiko kuɗi daga Najeriya ko Aljeriya gutsure-gutsure. Don kada a cinye su, sai a ruga a sayi buhuna a jibge a zaure. Kafin kuɗin rodi su iso, raɓa ta shiga, buhu ya zama dutse. Ko a kira magini da leburorinsa alhali amalanken ruwa bai zo ba, a biya su yini suna zaune a inuwa. Ko a buga bulo ba a shayar da shi ruwa yadda ya kamata ba, ya riƙa marmashewa a hannu. Mafi ciwo, a ɗora harsashin ɗaki huɗu da kuɗin ɗaki biyu, damina uku ta doki bangon da ba rufi, ga iyali har yanzu a matse. Ba lalaci ba ne, kuma ba rashin iyawar magini ba ne. Ba a taɓa zama wuri ɗaya an jera aikin ba.

A nan fa sai an yi hattara, don ba duk abin da ya yi wa Toyota ne zai yi mana ba. Ƙa'idar kada kaya su iso sai ranar buƙatarsu tana son hanya lafiyayya da kasuwa tabbatacciya. Mu kuwa mun ga Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun ga takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, muka ga yadda kayan gini suka yi tsada. Masana'antar siminti ta Malbaza tana can jihar Tawa, tafiya ce mai nisa. Ko da gwamnati ta rage farashin siminti a Oktoban 2024, ragin bai ɗauke kuɗin dako zuwa ƙauye ba. Saboda haka ajiya ba laifi ba ce a wurinmu. A ajiye abin da ba ya lalacewa, kwano da tsakuwa da ƙofofi, a bar siminti sai makon da za a kwaɓa shi.

Abin da ya fi dacewa da mu shi ne wanda ba ya cin ko dala. Mai gida da magini da kafinta da mai ɗebo ruwa su zauna, a ce ranar kasuwa, kowa ya faɗi abin da zai iya kammalawa kafin kasuwa ta zagayo, kuma kada a sa aiki a lissafi sai kayansa suna ƙasa. Mako ya cika a tambayi abin da ya hana, ba don neman mai laifi ba. Hausawa sun riga sun ce tun ran gini tun ran zane. A tsara gida yadda ɗaki ɗaya zai kammala har rufi a shiga, sannan a jona na biyu.

Kuma tsara gini ya haɗa da zaɓen abin da za a gina da shi. Tun 1980 aka fara ginin ƙasa mai kubba da ba ya buƙatar azara a Cikal, ta wajen Filinge, ƙungiyar Development Workshop ta kuma horar da magina a kai. A Dandaji, masu zanen gini Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun gama sabon masallaci a 2018 da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu. Irin wannan gini yana son harsashi mai ƙwari da yaɓe kan kari, in ba haka ba ruwa zai ci shi. Amma yawancin kayansa ba sa jiran a buɗe iyakar Najeriya a Ɗan Barto.

Ga masu riƙe da ragamar ƙaramar hukumar Icirnawa da kwamitocin iyayen yara: kafin a ba da kwangilar aji na gaba, a kira maginan gari su ga zanen tun yana kan takarda, a fara aiki da an gama girbi, kuma kada a haƙa harsashin aji uku sai kuɗin rufin na farko suna hannu.