2.3 Nisan Tafiya ta Jirgin Sama Tsakanin Kano da Jidda

Wannan sashe zai yi bayani ne a kan nisan da maniyyatan Balan da sauran garuruwan Gaya da Ajingi suke ratsawa idan sun tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Jidda ta ƙasar Saudiyya.

Masana labarin ƙasa suna auna irin wannan nisa ne ta bin hanya mafi gajarta a bisa doron duniya. Bisa wannan ma'auni, tsakanin biranen biyu akwai kimanin kilomita 3,400. Hanyar ta bi ta sararin samaniyar Chadi da Sudan, sannan ta tsallake Bahar Maliya. Jirgin da ke gudun kilomita 850 a awa ɗaya yakan cinye ta cikin awa huɗu da 'yan kai, alhali kuwa mahajjatan da suka bi ta ƙasa a zamanin da sukan shafe watanni, wasu ma shekaru.

Sai dai kuma ba kullum jirgi yake samun miƙaƙƙiyar hanya ba. Misali, yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilu na 2023 ya sa an rufe sararin samaniyar ƙasar. Saboda haka jiragen alhazai suka riƙa yin zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, shan mai ya ƙaru, kamfanoni kuma suka nemi ƙarin kuɗi. Wannan ya nuna cewa nisan da ke shafar aljihun maniyyaci shi ne wanda jirgi ya bi a zahiri.