Matsalolin Ƙaramin Mai Gidan Haya a Biranen Nijeriya

Gabatarwa

Tun lokacin ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a 1975, ma'aikata da yawa suka ɗauki gina gidan haya a matsayin tudun dafawa bayan barin aiki. Abin da ake nufi da ƙaramin mai gidan haya a wannan lacca shi ne mutumin da ya mallaki gida ɗaya ko biyu, ko kuwa 'yan ɗakuna ciki da falo, waɗanda ya gina da guminsa. Sau da yawa wannan gida shi ne dukan abin da ya tara a shekara talatin da biyar ta aiki, saboda haka in ya yi kuskure ba shi da sauran ƙarfin gyarawa.

Fili da Takarda

Matsala ta farko tana tasowa tun kafin a aza bulo ɗaya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Watau abin da mutum ke samu izinin zama ne, galibi na shekara 99, ba mallaka ta har abada ba. Har wa yau dokar ta hana sayar da filin birni mai takardar gwamnati, ko jinginar da shi, sai da amincewar gwamna. Ta kuma ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a, a biya diyyar abin da aka gina ko aka shuka a kai.

A birni kamar Kano, mai ƙaramin ƙarfi yana da zaɓi biyu. Akwai awon gwamnati, mai titi da magudanar ruwa a taswira, amma da tsada, kuma neman takardarsa yakan ci watanni ko shekaru. Akwai kuma awon igiya, wato gonar da aka yanka fuloti-fuloti aka sayar da shaidar mai unguwa da dagaci. Wannan yana da sauƙin kuɗi, sai dai banki ba ya karɓar takardarsa jingina, kuma akan sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, ko a wayi gari titi ya ratsa ta tsakiyarsa. Araha dai ba ta ado.

Kuɗin Gini

An kafa Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a 1977, sannan dokar Asusun Gidaje na Ƙasa ta 1992 ta sa a riƙa cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, domin ya sami rance mai ruwa kashi 6 cikin 100. Amma an shirya wannan rance ne don gidan zama, kuma yana bukatar sahihiyar takarda. Bashin bankin kasuwanci kuwa ya fi ƙarfin haya, domin a Nuwamban 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100. Ga kuma waɗanda ke gudun kuɗin ruwa saboda addini, ko da yake bankuna marasa ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, sun rage musu wannan damuwa.

Bisa ga haka, yawancin mutane da kaɗan-kaɗan suke gini: bana harsashi, baɗi linta, wata shekara rufi. Haɗarin wannan hanya ya fito fili bayan janye tallafin man fetur da sakin darajar naira a 2023. Buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 a wannan shekara ya haura naira 10,000 a Fabrairun 2024, rodi da kwano da ladan birkila suka bi sahu. Wanda ya tsaya a linta sai ya shiga halin gaba kura baya sayaki: in ya sayar da kango ya faɗi, in ya bar shi damina ta ci.

Lissafin Haya

Alal misali, a ɗauka mutum ya kashe naira miliyan 30 ya gama gida, yana karɓar hayar miliyan ɗaya da rabi a shekara. Wannan kashi 5 cikin 100 ke nan, kafin a cire la'adar dillali, da harajin ƙasa, da fenti, da yashe shadda, da watannin da gida zai zauna babu kowa. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ke nan ainihin ribar tana cikin tashin darajar gidan, ita kuwa ba ta zuwa hannu sai an sayar. Mai fansho da ke jiran kuɗin cefane da na asibiti yana zaune kan dukiya, aljihunsa kuwa wayam.

Mai Gida da Ɗan Haya

A nan ne lissafi yake karo da zumunci. Dokokin jihohi da yawa sun tanadi cewa, in babu wata yarjejeniya, mai biyan shekara-shekara a ba shi sanarwar wata shida, mai biyan wata-wata sanarwar wata ɗaya, sannan a ƙara ta kwana bakwai kafin a je kotu. Cire rufi ko kulle ƙofa don korar mutum saɓa wa doka ne. Wannan ne ya sa masu gida suke neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, abin da dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana. Amma ɗan haya ma'aikaci ne shi ma, wata-wata yake karɓar albashi. In an ƙara masa kuɗi daidai da kasuwa, za a rasa mutumin kirki mai kula da gida. In an ƙyale shi, gida ba zai iya gyara kansa ba. Abin ya fi wuya in ɗan'uwa ne ko suruki, domin kunya takan hana rubuta yarjejeniya, ita ce kuma takan hana tambayar kuɗi.

Kammalawa

Bayan duk wannan akwai maganar gado. Gida ɗaya ba ya rabuwa cikin sauƙi tsakanin magada goma, kuma in takarda ba ta cika ba, sayarwa ma takan zama shari'a. Saboda haka ya kamata mai niyyar wannan harka ya binciki fili a ofishin ƙasa kafin ya biya, ya gina abin da zai iya rufewa cikin shekara ɗaya ko biyu, ya rubuta yarjejeniya gaban shaidu ko da ɗan'uwansa ne, ya kuma riƙa ware wani kaso na haya don gyara. Gwamnatocin jihohi kuwa, sauƙaƙa samun takardar fili shi ne babban taimakon da za su yi wa mai gida da ɗan haya baki ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.